Faya-fayan Injiniya

Shekaranjiya ɗan ƙanwata, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin tasha, ya dube ni a gaban abokansa ya ce, "Kawu, ai ku aikinku na danna maɓalli ne. A sa kaset biyu, a danna ja, a tafi shan shayi." Suka yi dariya. Ban tanka ba, don abin da ke bakina a lokacin bai dace da ɗan 'yar'uwa ba. Yau na ɗan huce. Tunda ga ku a zaune, ku saurara.

A Ringim na koyi sana'ar, wurin Alhaji Ɗanlami mai gyaran rediyo. Na yi shekara guda cur a shagonsa kafin ya bar ni na taɓa jan maɓallin nan da kuke rainawa. Aikina na farko da ya amince ya ba ni na wata tsohuwa ne. Ɗanta yana ƙasar Makka, ya naɗo mata saƙo a kaset, rikodar maƙwabta ta tauna zaren. Na kwance ƙusoshi biyar ɗin, na zaro zaren a hankali, na miƙar da inda ya cukurkuɗe da bayan cokali, na yanke inda ya mutu da reza, yankan karkace, na haɗa da salatif. Na mayar, na ja da biro, na kunna. Muryar mutumin ta zo, ta ɗauke, ta dawo. Alhaji ya karɓa ya ɗaga zaren ga haske.

"Sabo, wane gefe ka manna?"

Na ce gefen da ke kallona.

"To ka toshe wa ɗan mutane baki yana gaida uwarsa. Zare yana da ciki yana da baya. Magana a ciki take. Kwance."

Na kwance. Tsohuwar tana zaune a benci tana kallona har na gama. Tun daga ranar ban ƙara manna salatif ban duba gefe ba.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo Dutse daga Kano, ni ma na tattara kayana na biyo su. Na kama shago ƙarami kusa da masu walda. Kayan aikina rikoda mai baki biyu, amfilifaya tsohuwa da Alhaji ya sallame ni da ita, lasifika biyu da na haɗa wa akwati da hannuna, ƙarfen dalma, kwalbar sifirit da auduga ta goge kan rikoda. Kowace safiya sai na goge kan nan kafin na karya. Idan ka bar shi da datti, waƙa za ta fito kamar mai waƙar yana cikin rijiya. Direbobi su zo neman kiɗan kalangu da kukuma, mata su aiko a naɗa musu na Indiya, ɗalibai su nemi wa'azi da karatu. Kowanne da yadda ake saita shi. Ba a naɗar karatun Alƙur'ani da saitin kalangu.

Wata Asabar da hantsi wani mutum ya tsayar da mota a ƙofar shagon. Dogo ne, mai furfura a gefen kunne, da kaftani fari da takalmin aiki duk laka. Ya sauke kwali biyu da kansa. Ɗaya garmaho ne na lantarki, ɗayan faya-fayai manya guda tara, kowanne a cikin rigarsa ta kwali. Ya ce sunansa Injiniya Habu, mutumin Kiyawa, aikinsa haƙa rijiyar burtsatse. Yana saurayi aka tura shi Ingila koyon aikin famfo, a wani gari mai masana'antu, can ya sayo waɗannan. Duk na ƙungiyar makaɗa ɗaya ne. Yana so a juye su a kaset don ya riƙa ji a mota idan ya shiga ƙauyuka.

Na dubi hotunan da ke kan rigunan. Turawa huɗu, gashi har kafaɗa, ƙirji a buɗe, babu mai murmushi ko ɗaya.

Na ce, "Yallaɓai, waɗannan maza ne ko mata?"

Ya ce, "Sa ka ji."

Na ɗora allura. Jita ta fara shiga ita kaɗai, da wani irin gurnani kamar injin niƙa ya ci tsakuwa. Sai ganga ta faɗo. Masu walda suka ajiye aikinsu suka leƙo. Ni kuwa a raina na ce wannan hayaniya ce, ko yaya aka naɗe ta daidai ne. Na ce ya dawo jibi.

Ya dawo jibi, ya sa kaset ɗin a motarsa, bai kai minti guda ba ya zaro shi ya ajiye min a kan tebur.

"Malam Sabo, ina mutum na huɗu?"

Na ce ban gane ba.

"Su huɗu ne. Uku nake ji. Ka kashe min mai jita mai kauri, gangar kuma ta zama bugun garwa. An ce min kai ka fi kowa a garin nan."

Maganar ta ƙona ni, amma da na sake saurare sai na ga gaskiyarsa. Akwai allura a mitar rikoda da ke nuna ƙarfin sautin da ke shiga. Ni na saba barinta tana wasa a bakin ja, don mutanenmu suna son kaset mai ƙara. Wannan kiɗa kuwa da zarar mai ganga ya sauke hannu sai allurar ta manne a ja, zaren ya cika ya tumbatsa, duk abin da ke ƙasa ya murƙushe. Idan kuma ka rage da yawa, inda suka yi laushi sai shuuu ɗin kaset ta rufe su. Ashe suna laushi. A tsakiyar wannan tsawa sai su sauka ƙasa, ka ji mutum ɗaya yana taɓa jita kamar mai lallashin jariri, sannan su sake tashi gaba ɗaya babu gargaɗi. Dole ka san waƙar tun daga farko har ƙarshe, ka san inda za su tashi, ka saita tun kafin su iso. Faifai ɗaya sai da na saurare shi sau shida kafin na danna ja.

Ba shi ke nan ba. Garmahon ba ya son janareto. Idan aka ɗauke wuta na tayar da inji, juyin faifan ba ya tsayawa daidai, muryar mawaƙin ta riƙa lilo. Sai na jira wuta ta gari, ita ma sai ta zauna. Ga tifofi masu kai dutse wuraren gini, duk wadda ta wuce ƙasa ta girgiza, allura ta yi tsalle, aikin rabin awa ya tashi a banza. Na samo faranti babba na cika shi da yashin kogi, na ɗora garmahon a kai, shi ya sha girgizar. Sannan ga tsawon waƙoƙin. Akwai faifan da aka naɗa a gaban jama'a, waƙa ɗaya ta cinye fuska guda, mai ganga shi kaɗai ya yi ta bugu har ka yi zaton sauran sun tafi gida. Kaset mai minti sittin ba ya ɗaukar faifai a fuska ɗaya, mai casa'in kuma zarensa siriri ne, rikodar mota tana cinye shi. Na zauna da agogo da takarda ina jera waƙoƙin yadda babu wadda za ta yanke a tsakiya. Sati uku na yi a kan faya-fayai tara.

Ranar da ya zo karɓa ya zauna a motar ya rufe ido. Da waƙar farko ta ƙare ya ce, "Yanzu sun cika huɗu."

Daga nan ya zama ɗan gida. Ya bar garmahon da faya-fayan a wurina, don ya ce yaransa suna wasa da su, kuma zafin mota yana kashe kaset, duk bayan 'yan watanni sai na sake masa sabo. Na naɗi uwar kaset ta kowane faifai, wadda daga ita ake juya sabo, na adana a kwali. Sunayen mutanen huɗu ya sha faɗa min, harshena ya ƙi su, sai muka raɗa musu namu. Mai ganga muka sa masa Maƙeri, don bugunsa irin na mai dukan ƙarfe ne a kan uwar maƙera, da nauyi, ba gaggawa. Mawaƙin kuma muka sa masa Zakara, saboda yadda yake ɗaga murya sama har ka ji tsoron kada maƙogwaronsa ya tsage. Mai jita mai kauri Liman, don a hoto kullum yana can baya a natse, kuma Injiniya ya ce shi kowa ke bi ko da ba a lura. Mai ɗaya jitar kuwa Sarkin Rigima. Injiniya ya ce shi ke faɗa da kowa, shi ke fasa kayan kiɗa, kuma ba don shi ba da babu wanda ya san su.

Ban san kalma ɗaya ta abin da suke faɗa ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce yawanci kukan talaka ne da mace da ta gudu da gajiyar hanya, 'ya'yan leburorin masana'anta ne su duka. Amma kunnena ya san su. Wata rana ina goge faifai na bakwai na ce, "Yallaɓai, wannan ba Zakara ba ne."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Wa ya gaya maka?"

"Zakara yana jan numfashi kafin ya hau, ana ji. Wannan ba ya ja. Kuma Maƙeri ba ya jiransa yadda yake jiran wancan."

Ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce haka ne, Sarkin Rigima ne ya kori na farko, suka ɗauko wani, kuma a can Ingila ma an yi ta gardama a kai, abokai sun ɓata. Ya ce shi yana bayan na farko. Na ce ni ma. Mutumin da ya yi karatu a Turai da wanda bai gama firamare ba, mun zauna a shago a Dutse mun yanke wa Bature hukunci.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ina cikin waɗanda suka yi murna. Ku rubuta wannan, kada wani ya juya min magana. Da hannuna na sauke kaset-kaset ɗin da na san ba su dace ba, na daina kunna lasifika a waje, na cika kanta da wa'azi da karatu. Ciniki ya ragu, ban yi ƙorafi ba. A wannan shekarar ce kuma Injiniya ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka wuce da shi asibiti Kano. Kayansa suna ƙarƙashin teburina a rufe da zane.

Wata Laraba kafin azahar matasa bakwai suka shigo shagon, 'yan sa-kai na unguwa, babu takarda, babu wani babba a tare da su. Jagoransu Isiyaku, wanda shekara biyar yana sayen waƙoƙin Indiya a wurina, har yana zaɓar wadda za a sa masa a farko. Bai gaishe ni ba. Suka fara kwashe kaset suna zubawa a buhu. Na ce su duba rubutun da ke jiki, ba su duba ba. Kwalin uwayen kaset gaba ɗaya suka ɗauka, har da karatun wani tsohon malami na Garki da na bi shi gida na naɗa kafin ya rasu. Sai ɗayansu ya yaye zanen.

Isiyaku ya ɗaga faifai ɗaya, wanda aka zana wuta da wata dabba mai fukafukai a rigarsa. "Ga shi. Masu bautar shaiɗan."

Na ce, "Isiyaku, wannan ba nawa ba ne, ba na sayarwa ba ne. Ajiyar mutum ce, yana kwance a asibiti. Ka bar shi ya tashi, ku yi magana da shi."

"Kai ma ka san hukuncin mai ɓoye irin wannan."

"Wane hukunci? Faɗa min, a wane littafi?"

Suka watsa faya-fayan a bayan a-kori-kura suka tafi. Kaset-kaset ɗin kuwa a ranar suka cinna musu wuta a fili.

Na rufe shago na nufi gidan Malam Yahuza, dattijon da aka ce su yaran suna jin maganarsa. Aka ce ya tafi ta'aziyya Haɗeja, sai jibi. Na koma wurin Isiyaku na roƙe shi abu ɗaya, ya sauke faya-fayan daga mota ya sa a inuwa. Watan zafi ne. Ya ce ba ni zan koya masa aiki ba.

Ranar Juma'a da safe na sami Malam a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Allah gafarta Malam, ban zo kare kiɗa ba. In an ce haram ne, ni ba malami ba ne, na bi. Amana na zo nema. Mutum ya ba ni ajiya, ya kwanta ciwo, an ƙwace a hannuna. Idan ya tashi me zan ce masa?"

Malam ya aika aka kira Isiyaku. Ya tambaye shi ko ya ga ina sayar da su, ya ce a'a. Ko ya ji ina kunna wa jama'a, ya ce a'a. Ko ya san abin da ake faɗa a ciki. Ya ce hoton ya isa.

Malam ya ce, "Kayan da ke rufe a ƙarƙashin teburin mutum, wa ya ba ka izinin yaye su? Kuma an ce ka ƙona karatun Alƙur'ani a cikin buhu. Ka duba kafin ka ƙona?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai. Malam ya ce a mayar min da ajiya yanzu, ni kuma na kai wa mai ita gidansa, kada ta sake kwana a kasuwa. Na ce na yarda.

Kwana biyu suna bayan mota a rana. Da na zaro na farko daga rigarsa, ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Duka taran haka, wani ya fi wani. Isiyaku ya ce, "Ai ga kayanka an ba ka," ya juya. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, kuma muna haɗuwa a masallaci.

Babu wanda ya taɓa koya min miƙar da faifai. Na je wurin mai yankan gilashi na samo guda biyu masu kauri. Na wanke faifan da ruwa mai ɗumi, na shanya a inuwa, na sa shi tsakanin gilasan, na fitar rana ta safe. Na farko na bar shi ya daɗe, layukan da allura ke bi suka narke, ya miƙe sarai amma babu komai a cikinsa sai ƙara. Ni na kashe wannan, ba na ɗora wa kowa. Daga nan na gane rana kaɗan ake so, da zarar gilashi ya yi ɗumin da tafin hannu zai iya jurewa sai a shigar ɗaki, a ɗora buhun gero a kai, a bar shi kwana uku ba a taɓa ba. Wani sai an maimaita sau uku. Wata biyu ina wannan, shagon kusan babu ciniki, don uwayen kaset ɗina sun ƙone, sai na bi abokan sana'a har Kano ina aro ina sake naɗa. Shida suka tashi. Uku ba su tashi ba, a cikinsu har da wanda aka naɗa a gaban jama'a, wanda Injiniya ya fi so. Kaset ɗin da ke motarsa kuwa zafi ya riga ya gama da su tun yana asibiti.

Da aka sallamo shi na ɗauki kayan a mota zuwa Kiyawa. Matarsa Hajiya Binta ta shigar da ni ɗakinsa. Yana kan kujera, ya rame, hannun dama a kan cinya ba ya motsi, magana tana fita da ƙyar. Na gaya masa duk abin da ya faru, har da wanda na kashe da hannuna. Ya sa na jera masa rigunan a kan tabarma, na ware ukun gefe. Ya daɗe yana kallon na gaban jama'ar.

Ya ce, "Babu... ko kaset?"

Na ce babu, Yallaɓai.

Hajiya ta ce ai sai a aika a sayo wani. Ya girgiza kai. A wancan lokacin wa za ka aika, ina?

Ni dai na naɗi faifan nan ya fi sau ashirin, babu lungun da ban sani ba a cikinsa. Na jawo ƙaramin teburin da ke gabansa, na kawar da kwanon magani, na fara yi masa shigar jitar Sarkin Rigima da baki, sannan na sauke hannu biyu a kan katako inda ganga take faɗowa. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu tana kallon ƙato da gemu yana gurnani a ɗakin mijinta. Ban kula ba, na ci gaba.

Injiniya ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Ka yi... sauri," ya ce. "Maƙeri ba ya sauri."

Ya ɗora tafinsa a kan teburin ya ba ni bugun, a hankali, da nauyi. Na bi shi. Muka kai waƙar har ƙarshenta.